Yadda kwamfuta ke sauya tsarin madannai daga manhaja zuwa manhaja

Tsarin madannai shi ne taswirar da kwamfuta ke bi ta san harafin da kowane maɓalli zai fitar. Allo ɗaya na iya ɗaukar tsari da dama, kamar na Ingilishi da na Larabci da na Hausa mai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Abin tambaya shi ne inda na'urar ke ajiye zaɓin mai rubutu: a kwamfutar baki ɗaya, ko a kowace manhaja daban.

Har zuwa Windows 7, kowace manhaja na riƙe da tsarinta. Windows 8, wanda ya fito a 2012, ya mayar da zaɓin na bai-ɗaya, ta yadda sauyi guda zai shafi ko'ina. Tsohon halin bai ɓace ba. A Windows 10 da 11 ana dawo da shi daga saitunan madannai na ci-gaba, inda ake ba kowace taga damar riƙe nata. A macOS kuwa, akwai zaɓin da idan aka kunna shi, tsarin zai riƙa bin takardar da ake aiki a kanta.

A Linux, KDE Plasma ne ya fi fayyace lamarin, domin zaɓi huɗu yake bayarwa: na bai-ɗaya, na kowane tebur, na kowace manhaja, da na kowace taga. GNOME biyu kawai ya tanada. Bambancin manhaja da taga ba ƙarami ba ne ga ɗan jaridar da ya buɗe takardu biyu a manhaja guda, ɗaya da Hausa ɗaya da Larabci. Zaɓin taga ne kaɗai zai raba masa su.

Amfanin ya fi fitowa wajen guje wa kuskure. Rashin lanƙwasa kan mayar da “ƙasa” ta koma “kasa”, abin da ke iya juya ma'anar kanun labari. A Nijar, inda aka saba da AZERTY na Faransanci, A da Q suna musayar gurbi da na QWERTY, haka Z da W, sai kalmar sirri ta yi ta ƙin shiga alhali ɗigo-ɗigo kawai mai ita ke gani.

Inda dabarar ke gazawa shi ne burauza. Shafuka goma a taga ɗaya abu guda ne a wurin kwamfuta, don haka mai rubutu a Facebook da Hausa, yana amsa wasiƙa da Ingilishi a shafin gefe, sai ya raba tagogin ko ya sauya da hannu.