Gwangwanin Kifi da Tsirkiya Ɗaya

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ba shi da farce a babban yatsansa na dama. Weji ne ya cinye shi a Hawan Kibo tun kafin a haife ni, lokacin yana karen mota a wata gingimari mai bodin katako da ke kai doya da dawa Jos daga Keffi, ta juyo da dankalin Turawa da kabeji. Motar ta ƙi hawa, ta fara ja da baya, direba ya ƙwala masa kira, ya diro da guntun katakon nan ya cusa ƙarƙashin taya. Motar ta tsaya, yatsa kuma ya tafi da rabonsa. Ko sannu direban bai ce masa ba, sai ma zagi da ya sha don wai ya yi nawa.

Da na yi wayo Kawu ya riga ya zama direba, yana da nasa yaron. A gaban motarsa akwai rediyo mai kaset da aka ɗaure da roba don kada gargada ta kayar da ita, kuma kaset ɗaya ne ba ya barin gurbinsa, na Ɗan Maraya Jos. Ranar da ya fara ɗaukata zuwa Jos, ina aji huɗu a firamare, muka bi ta Garaku muka wuce Akwanga, yana ta mayar da waƙa guda baya. Na gaji na ce, "Kawu, babu wata ne?" Ya ɗaga mini yatsan nan ya ce, "Ɗana, duk ƙasar nan mutum ɗaya ne ya taɓa yi wa wannan yatsa waƙa. Ka bar ni in ji abina."

Waƙar Karen Mota yake nufi. Sai da na girma na gane girman abin da Ɗan Maraya ya yi da ita.

Waƙar baka a ƙasar Hausa sana'a ce mai ubangida. Makaɗin fada na sarki ne: Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Ɗanƙwairo ya zaga fadoji da kotsonsa. Maƙera da mahauta da manoma da 'yan dambe kowa da makaɗinsa, kamar yadda Ɗan Anace ya riƙe ɗan dambe Shago. Ko Mamman Shata, da ya ƙi zama na fada guda, tafe yake da ayari: masu kalangu, 'yan amshi, sanƙira. Ayari kuwa ciki ne da shi, dole a ciyar da shi, don haka dole waƙa ta nufi inda kuɗi suke. Karen mota ba ya cikin wannan lissafi. Ba shi da sarkin sana'a, ba shi da gadon gida, sunan ma da ake kiransa da shi zagi ne. Shi ke kwana kan lodi, shi ke cire taya ya kai faci, shi ke tura mota in ta mutu, shi ke ɗaure tamfol cikin ruwan sama. Wanda ya yi masa waƙa ya san ba doki zai samu ba, ba babbar riga ba.

Abin mamaki, shi Ɗan Maraya ɗan fada ne. Sunansa Adamu Wayya, an haife shi a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu yaron yana jariri, uwar ma ba ta jima ba ta bi shi, sarkin ya ɗauki riƙonsa. Daga nan laƙabin ya fito. Hanya a buɗe take ya gaji uban, ya zauna ƙofar fada yana wasa mai gida. Amma a wata tafiya da ya yi Maiduguri yana yaro ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa, bai sake ajiye shi ba.

Sai an san Bukuru ta wancan zamani kafin a fahimci kunnen da ya tashi da shi. Garin kuza ne. Tun 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso can daga Zariya don kwasar ta, kamfanonin Turawa suka kafa bariki-bariki, leburori suka kwararo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno. A shekarun yaƙin duniya na biyu har tilasta wa mutane aka yi, abin da iyayenmu ke kira ɗiban gwamna. Mutanen da suka cika garin sun baro gonakinsu da sarakunansu da makaɗan gidajensu. Lebura ne, mai tura kura, mai shayi, mai tuwo-tuwo, direba da yaronsa. Taron da ba shi da mai wasa shi ke nan, kuma a cikinsa marayan ya girma.

Kayan kiɗan ma na bariki ne. Kuntigi ba wani abu ba ne illa gwangwanin kifi irin mai faɗin nan, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka 'yar sanda, a ɗaura tsirkiya ɗaya tak. Mu ma mun gwada a unguwarmu. Muka samo gwangwani a bola, muka roƙi guntuwar fata wurin wani baduku, muka jiƙa ta kwana guda, muka ɗame ta, muka zare waya daga birkin tsohon keke. Da ta bushe muka kaɗa, sai ƙara kamar ta sauro a cikin kwano. A nan na san cewa ba gwangwanin ke waƙa ba. Saurari yadda yatsun Ɗan Maraya ke gudu: tsirkiyar ita ce ganga, ita ce 'yan amshi. In ya kai ƙarshen magana sai ya yi shiru, kuntigi ya ba shi amsa, ya numfasa ya ɗora. Duk ayarinsa yana shiga aljihun riga. Mutumin da ba shi da bakuna goma da zai ciyar yana da damar yi wa wanda ya ga dama waƙa, kuma ina ganin a nan asirin yake, ba a wani halin waliyyai ba.

Keffi ta karɓe shi kamar ɗan gida, kuma akwai dalili. Yaran yanzu sun ɗauka tun fil azal Abuja muke kallo. Ba haka ba ne. Garin da Abdu Zanga ya kafa wajen 1800 da fari Zazzau yake bi. Daga 1967 muna cikin jihar Binuwai da Filato, daga 1976 muna Filato, har ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka yanke Nasarawa aka kai hedikwata Lafiya. Kusan shekara talatin Jos ce babban birninmu. Neman aiki, ƙarin girma, fansho, babban asibiti, duk sai ka hau dutse. Kuma ba ka shiga Jos daga wajenmu sai ka ratsa Bukuru. In muka iso nan Kawu yakan rage gudu ya ce, "Garin maigidana," alhali ko gaisawa ba su taɓa yi ba.

A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da dama, yana zayyana fagen fama kamar mai ba da labari. Su suka ƙara kai sunansa ko'ina ta Rediyon Kaduna, kuma su suka kusanta shi da hukuma. Daga baya lambobin girma na ƙasa suka zo, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, aka koma kiransa Dakta, ya fita ƙasashen waje da gwangwaninsa. Ba zan ɓoye ba, waɗannan ba su ne waƙoƙin da nake komawa gare su ba. Ya yi yabon manya kamar kowane maroƙi, ya halarci tarukan gwamnati, ya karɓi abin da aka ba shi. Sana'a ce.

Inda ya fi ƙarfi shi ne cikin gida. Mahaifiyata ba ta damu da Karen Mota ba, ita Jawabin Aure da Gulma Wuya take jira. A irin waɗannan waƙoƙi yakan zama mutum uku ko huɗu shi kaɗai: ya yi muryar miji, ya siranta murya ya zama mata, ya koma magulmaciyar da ke shiga tsakani tana kai nan tana kawo nan. Wasan kwaikwayo ne cikakke, shekaru kafin finafinan Kano su fara a 1990. Nakan tuna ta tana tankaɗe a tsakar gida, rediyo a kan turmi, in ya zo wurin magulmaciya sai ta ajiye rariya ta kalli katangar maƙwabta ta ce, "Uhm." Ba ta ƙara komai. Duk gidan mun san wadda ake nufi.

Auren Dole kuma ba a son a kunna ta gaban wasu dattawa. Namiji ne, Bahaushe, ɗan riƙon sarki, ya tsaya a gidan rediyo yana gaya wa iyaye cewa ɗaura wa yarinya wanda ba ta so ɓarna yake haifarwa. A wancan lokaci ba ƙaramar magana ba ce. Na san wata 'yar uwarmu da ta riƙa kunna kaset ɗin da ƙarfi kullum da hantsi, daidai lokacin da baffanta ke zaune a zaure, har aka fasa abin da aka shirya. Ban ce waƙar kaɗai ta yi aikin ba, don kakarmu ma ta sa baki, amma ita ta buɗe zancen. Mai Akwai da Babu da Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali kuwa sunayensu ma sun shige cikin maganar yau da kullum, har wanda bai taɓa jin waƙoƙin ba yana faɗarsu.

Mabiya ne bai bari ba sosai. Haruna Uji da gurminsa ya yi tafiya irin tasa, mutum ɗaya da tsirkiya, amma ya riga shi rasuwa. Da fiyano da situdiyo suka shigo, yaro mai murya ya daina neman gwangwani da fata. Ita ma sana'ar karen mota ta ja baya a hanyarmu. Je ka tashar Keffi yau, ƙananan motoci ne ke lodin Jos da Abuja, direba shi kaɗai, sai 'yan kamasho. Yaran mota sun koma kan tirela da tifa, kuma ba su son a kira su da tsohon sunan.

Ɗan Maraya ya rasu a Jos ranar Asabar 20 ga Yuni 2015, cikin kwanakin farko na azumi.  Labarin rasuwar ni na kai wa Kawu, don a lokacin ido ya yi masa rauni, ya daina fita tasha. Na same shi kan tabarma a ƙofar ɗaki yana jiran kiran magariba. Ya yi salati, ya yi masa addu'a, ya daɗe bai ce komai ba. Bayan an sha ruwa ya aiki jikarsa ta ɗauko masa wata tsohuwar jakar leda a ƙarƙashin gado. Kaset ɗin ne, takardar jikinsa ta koɗe, zaren ya tsinke an haɗa shi da jan farce. Babu sauran rediyo mai cin kaset a gidan. Na ce ina da waƙar a waya.

Ya ce, "To kunna, amma ka rage murya, mutane za su tafi asham."

Na kunna. Ya ɗora hannun dama a gwiwa, yatsan nan marar farce yana bin kiɗan.