Zarto Mai Ɗamara: Asalinsa da Yadda Ake Saita Tsohonsa

Zarto mai ɗamara inji ne na yankan katako wanda zartonsa siririn ƙarfe ne mai haƙora, an haɗe bakinsa biyu ya zama zobe, yana gudu a kan wili biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Da yake haƙoransa ƙasa kaɗai suke nufa, babu kai da komowa, yanka yake yi ba tsayawa. Sirantarsa kuma ta sa yana bin lanƙwasa, abin da zarto mai faifai ba ya iyawa.

Wani Baturen Ingila, William Newberry, ya karɓi takardar mallakar wannan ƙirƙira a 1809, amma injin ya yi kusan shekara arba'in bai karɓu ba. Cikas ɗin a mahaɗin zarton yake. Duk zagaye ɗaya sai ƙarfen ya lanƙwashe a kan wili ya sake miƙewa, kuma babu haɗin da ke jure wannan a lokacin. Kafin a yi nisa ya tsinke. Sai a 1846 wata Bafaranshiya, Anne Paulin Crepin, ta fito da hanyar walda mai jurewa, ta sayar da ita ga kamfanin A. Perin na birnin Paris. Da aka haɗa wannan da ingantaccen ƙarfe, kafin ƙarshen ƙarni na 19 injin ya mamaye masana'antun katako na Turai da Amurka.

Injunan wancan zamani manya ne, na zubin ƙarfe, wasu faɗin wilinsu inci 36, bel na fata ke ja su daga wani dogon ƙarfe da injin tururi ke juyawa. Yawancinsu ba su da murfi, ma'aikaci na tsaye zarto na gudu tsirara a gabansa. Zuwan ƙaramin injin lantarki ne ya kai injin shagon kafinta. A shekarun 1930 kamfanin Delta na Milwaukee a Amurka ya fitar da mai inci 14, wanda daga baya masana'antun Taiwan suka yi ta kwaikwayonsa, har kayan gyaran wani kan shiga wani. A Ingila kuwa Wadkin na Leicester ya yi suna wajen manya. Da yawa daga cikin waɗannan injuna suna aiki har yau, domin zubin ƙarfe ba ya saurin lalacewa, kuma nauyinsa yana shanye girgiza. Abin da ke tsufa a jikinsu ƙanana ne: roba, boris, sifirin.

Tsarin saita injin bai canja ba tun wancan lokaci, kuma bin sa daki-daki wajibi ne, don kowane mataki a kan na bayansa yake zaune. Ana cire wuta tukuna, a janye majinginan zarto, wato masu tallafe shi ta gefe da ta baya, sannan a duba robar da ke kewaye da wili. Bayan wilin yana da ɗan tudu a tsakiya, kuma ɗamarar da ke gudu kullum tudun take nema ta hau. Wannan dabara ce da aka gada daga bel na tsofaffin masana'antu. Idan robar ta bushe ta tsattsage, ko dusar katako ta daskare a kanta, tudun ya ɓace, zarto ya riƙa zamewa yana faɗowa. Inda zafi da ƙura suka yi yawa, robar ta fi saurin mutuwa.

Daga nan sai ɗaurin zarto. Ma'aunin ɗaurin da ke jikin tsohon inji ba abin dogaro ba ne, domin sifirin ɗinsa ya saki da shekaru. Gwanaye da yatsa suke gwadawa: a tura zarton daga gefe, ya ɗan motsa kaɗan kawai. Sai a juya wilin sama da hannu ana murɗa makunnin da ke karkata shi, har zarton ya zauna daram. Bayan haka ne ake dawo da majinginai. Na gefe biyu a bar musu tazarar kaurin takarda, a tsayar da su bayan gindin haƙora, don in suka taɓa haƙoran za su daƙushe su. Boris ɗin da ke bayan zarto kada ya juya sai katako ya fara turo zarto. Na ƙarƙashin tebur, waɗanda ido ba ya gani, su aka fi mantawa da su.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne inji yana kauce wa layi, kuma sau da yawa laifin na zarto ne. Haƙoransa a karkace suke, ɗaya dama ɗaya hagu. In gefe guda ya daƙushe, yanka sai ya bi gefen mai kaifi, kuma babu saitin da ke maganin wannan sai sabon zarto ko wasawa. Zarto mai ƙananan haƙora a katako mai kauri yana cushewa da dusa, ya yi zafi, ya ƙona itace. Mai haƙora 3 a inci ya fi dacewa da irin wannan aiki. Ƙarar da ke dawowa sau ɗaya a kowane zagaye kuwa yawanci daga mahaɗi take, ko dai waldar ta karkace ko tsaga ta fara, kuma a nan tsayar da inji nan take shi ne daidai.