Horas da Ma'aikata don Kare Yara daga Nutsewa a Fadamar Kogin Haɗejiya

Tsakure

Maƙalar ta duba tazarar da ke tsakanin inda ake horas da ma'aikatan lafiya da inda yara ke halaka a ruwa a ƙasar Haɗejiya, tana ganin a kai horon bakin kogi.

Gabatarwa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu sakamakon nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Tun a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don rigakafin nutsewa.

Yanayin Fadama

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗejiya ta sauya. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, shi ya sa ambaliya irin ta 2020 da 2022 kan malale gonaki da ƙauyuka a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri. Da damina yaro kan shiga kwalekwale zuwa gonar shinkafa, yarinya ta je wanki bakin gaɓa, almajiri ya faɗa kududdufi wanka. Ba ganganci ke kai su ba. Rayuwar wurin ce.

Wa Ya Kamata a Horas?

Wanda ya nutse mintuna kaɗan gare shi kafin rashin iska ya lalata ƙwaƙwalwa. Kafin a isa Babban Asibitin Haɗejiya, aikin gama ya gama. Wanda ke kusa a wannan lokaci shi ne matuƙin kwalekwale, ko masunci, ko malamin tsangaya, ko ma'aikaciyar ƙaramin asibitin ƙauye.

Abin da za a koya musu ba shi da yawa, amma dole ya kawar da wata tsohuwar al'ada: danna cikin yaro ko riƙe shi kai ƙasa wai don ya amayar da ruwa. Wannan ɓata lokaci ne, yana kuma iya tura amai cikin huhu. Abin buƙata shi ne buɗe hanyar numfashi, hura iska baki da baki, da danna ƙirji. Sai kuma ceto daga tudu da gora ko igiya, domin mai faɗawa ruwa ba dabara kan zama gawa ta biyu.

A Bangaladash, shirin Anchal ya horas da matan ƙauye su tara ƙananan yara da hantsi, lokacin da uwaye ke fama da aiki, nutsewa kuwa ta ragu. Irin wannan ba zai gagari gidajen fadama ba.

Shawara

Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jahun da makarantar koyon aikin jinya ta Haɗejiya su sa ceton wanda ya nutse cikin manhaja, a aikace ba a allo kawai ba. Masarautar Haɗejiya kuma ta haɗa ɗaliban da sarakunan ruwa, a gudanar da horon kafin ruwan Agusta ya iso.