Kare Lafiyar Masu Aiki a Sama

Kare lafiyar masu aiki a sama tsari ne da mai ba da aiki yake bi domin kada wanda ya hau tsani, ko rufin ɗaki, ko bene, ko turken wutar lantarki ya faɗo, kuma kada kayan aikinsa su faɗo wa na ƙasa. Ba tsawon wurin kaɗai ake dubawa ba. Dokar da Birtaniya ta kafa kan wannan aiki a 2005 ta ɗauki duk inda mutum zai iya faɗowa ya ji rauni a matsayin sama, ko da bakin rami ne. A Amurka kuwa, ƙa'idar aikin gini ta wajabta kariya daga tsayin ƙafa 6, wato kimanin mita 1.8. Wanda ya suɓuto daga mita 5, daƙiƙa ɗaya ce tsakaninsa da ƙasa, kuma zai iso da gudun kusan kilomita 36 a awa. Ba shi da sukunin laluben abin kamawa.

Hawa sama tsohon aiki ne a ƙasar Hausa. Maginin gargajiya kan katangar da yake ɗagawa yake zama, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yara na jefo masa tubali da curin ƙasa yana cafewa. Katangar na da kauri, kuma ba a ƙara mata sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska. Sana'ar gado ce, tana da Sarkin Magina, yaro kuwa ba ya hawa sai ya daɗe yana kwaɓa ƙasa yana kallon manya. A irin wannan tsari Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A ƙauyukan Bodinga da Shagari na jihar Sakkwato, irin su Horo Birni, har yau ana hawa soro a yi yaɓe kafin damina, ana hawa rumbu a zuba hatsi.

Abin da ya sauya shi ne kayan aikin da kuma masu yinsa. Bangon bulo mai inci 6 ko 9 ba ya zaunuwa kamar katangar ƙasa, don haka birkila ya koma tsayawa kan katakan da aka haɗa da ƙusa, wani lokaci kan ganga da falanki. Kafinta na taka kwanon rufi mai santsi. An samu masu ɗora tankin ruwa, da masu kafa farantin sola, da masu hawa hasumiyar sadarwa. Yawancinsu 'yan aikin yini ne, da safe aka ɗauke su, da yamma a sallame su, babu wanda ya tambaye su ko sun taɓa hawa.

Masana harkar sun jera matakan kariya bisa fifiko, kuma jerin na da muhimmanci domin mutane sukan fara daga ƙarshensa. Na farko, a kauce wa hawan in da hali: a haɗa katakan rufi a ƙasa, a yi fenti da doguwar sanda. In hawan ya zama dole, a tanadi abin da zai kare kowa gaba ɗaya, wato wurin tsayawa mai faɗi da ƙarfi, da shinge mai tsayin kusan mita 1 a bakin bene, da toshe duk wata kafa da ƙafa za ta iya zurmawa. Ɗamarar jiki da igiya su ne na ƙarshe, don ba sa hana faɗuwa, sai dai su tare mutum a hanya. Ko su ma sai an ɗaura igiyar a abin da zai iya ɗaukar fizgar jikin mutum, a saman kansa. Igiyar da aka ɗaura a ƙugu kawai tana iya yi wa baya da ciki mummunan lahani.

Tsani ya fi kowane kayan hawa yawa a hannun mutane, ya kuma fi shan raini. Ƙa'idarsa ba ta cin ko kwabo. A duk mita 4 na tsayi, a janye gindinsa mita 1 daga bango. Kansa ya zarce inda za a sauka da kusan mita 1, a ɗaure shi, ko wani ya riƙe gindin. Mai hawa ya fuskanci tsanin, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya suna kai a kowane lokaci; bokitin siminti kuwa da igiya ake jan sa. Silifas ba takalmin hawa ba ne.

Yanayin Sakkwato na da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kwano ya yi zafin da ba ya taɓuwa, jiri kuma kan ɗebi wanda bai sha ruwa ba, balle mai azumi. Mai kula da aiki na ƙwarai yakan mayar da aikin rufi sassafe. Guguwar farkon damina takan fizge fallen kwano tare da wanda ke riƙe da shi, saboda haka da ganin hadari sai a sauko.

Mai hawa turken wuta haɗari biyu yake fuskanta, domin ko jan wutar bai kashe shi ba, zai iya wurgo shi ƙasa. Ɗauke wuta ba hujjar hawa ba ce: ana iya maido ta ba sanarwa, janaretan wani gida ma na iya turo wuta cikin layi. Sai an kashe layin, an gwada, an haɗa shi da ƙasa. Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna, hukumar NEMSA da dokar 2015 ta kafa kuma ita ke duba ingancin kayan lantarki.

In tsautsayi ya auku, wanda ke rataye a ɗamara a sauko da shi da gaggawa, don jini na taruwa a ƙafafu har ya suma. Wanda ya faɗo ƙasa kuma kada a ciccibe shi a ɗora kan babur. A daidaita kansa da wuyansa, a kwantar da shi kan abu mai tauri, domin motsa karyayyen ƙashin baya na iya taɓa laka ya shanye ƙafafu. Wannan ba aikin maɗori ba ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato na da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka.

Ta fuskar doka, Najeriya na da Dokar Masana'antu ta 1987 da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ba da aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, don a biya wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu. Ma'aikacin kamfani mai rajista na iya cin wannan moriya. Leburan da aka ɗauka a bakin titi kuwa, sunansa ba ya cikin kowane littafi, jinyarsa takan koma kan danginsa da abin da mai gini ya ga dama ya bayar. A irin wannan aiki, alhakin tanadar tsani mai kyau da wurin tsayawa mai ƙarfi yana wuyan mai ginin da ɗan kwangilarsa.