Hukuncin Tallafa wa Ƙungiyoyin da Ke Horar da Mata Jagoranci

Tambaya: Malam, akwai ƙungiyoyin da ke tara kuɗi don ilimantar da mata da shirya su riƙe muƙaman jama'a. Ya halatta in ba su dukiyata? Zan iya ba su daga zakkata?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ka sani, ya ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa ki sani, wannan aiki yana da asali. Ranar sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, shawarar Ummu Salama (R.A.) Annabi (S.A.W.) ya ɗauka, ya yanka hadayarsa ya yi aski, sahabbai suka bi shi. A ƙasarmu kuma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa, ita kuma ta koma ƙauyensu ta karantar da mata. A 1985 aka kafa FOMWAN a Minna, Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko, kuma ƙungiyar ta buɗe makarantu da asibitoci.

Game da muƙamai, akwai bayani. Jumhurun malamai sun keɓe halifanci ga maza. A kan alƙalanci sun saɓa: Malik da Shafi'i da Ahmad sun hana, Abu Hanifa ya yarda ban da haddi da ƙisasi, an kuma ruwaito cewa Ɗabari ya halatta gaba ɗaya. Shugabancin makaranta ko asibiti, da wakilcin jama'a a majalisa, da yawa daga malaman zamani sun halatta su ga macen da ta cancanta. Sau da yawa mace ta fi sanin halin da masu haihuwa da zawarawa da marayu ke ciki.

Saboda haka sadakarka da wakafinka ga irin wannan aiki halal ne, kuma akwai lada, idan ka kiyaye abu uku. Ka binciki manufar ƙungiyar, kada ta kasance tana kira zuwa ga abin da shari'a ta haramta. Ka tabbatar masu riƙe da kuɗin amintattu ne, suna bayyana inda suka kashe shi. Ka tsarkake niyya, kada ka bayar don sayen ƙuri'a ko neman suna.

Zakka kuwa hukuncinta daban. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance ta ga kashi takwas, kuma a mazhabar Malikiyya ba a biyan kuɗin taro ko gina ofis da ita. Amma in ɗalibar matalauciya ce, ka damƙa mata zakkar a hannunta ta biya kuɗin karatunta. Ta wadatar maka.

Allah ne Mafi sani.