Ungozoma da Haihuwar Gida a Ƙofar Gayan, Birnin Zariya

Gabatarwa

Ƙofar Gayan tana ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Zariya, kamar su Ƙofar Doka, da Kuyambana, da Kona, da Kibo. A yau idan aka ambaci sunanta, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne babban asibitin gwamnatin Jihar Kaduna da ke wurin, wanda aka raɗa wa sunan Hajiya Gambo Sawaba. To amma tun kafin a san asibiti ake haihuwa a gidajen unguwar, kuma akwai wadda nauyin mai jego da jariri yake wuyanta, wato ungozoma. Wannan babi zai dubi aikinta na asali, da abin da bincike ya gano game da shi, da kuma matsayin da ya dace da ita yanzu.

Aikin Ungozoma na Asali

Ungozoma dattijuwa ce wadda ta daina haihuwa, kuma galibi gadon aikin take yi daga uwa ko kaka. Abin lura shi ne, a al'adar Bahaushe ba ita ke karɓar haihuwa ba kamar yadda ake yi a asibiti. Mace kan yi naƙuda a ɗaka, a durƙushe, sau da yawa ita kaɗai, domin kunya ta hana ta yin kuka ko kiran wani, musamman a haihuwar fari, wadda akan tafi goyon ciki gidan iyaye dominta. Idan abu ya yi tsanani sai a karɓo mata rubutu wurin malam. Sai an ji kukan jariri sannan a aika yaro ya kira ungozoma.

Idan ta zo, ita za ta yanke cibiya, a da da ɓawon kara ko aska, daga baya da reza. Ita za ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta wanke jariri, ta gyara wurin. Daga nan kullum safe da yamma tana tafe: ta yi wa jariri wanka, ta gasa masa cibiya har ta faɗi, ta tsaya a kan wankan jego, wanda ake yi da tafasasshen ruwa da ganyen runhu ko darbejiya har kwana arba'in, wasu ma su zarce. Ana ba mai jego kunun kanwa, da ƙauri, da yaji. Ranar suna ungozoma na da kasonta na naman rago, da hatsi, da sabulu, da ɗan abin da ya sauwaƙa.

Mai son ganin yadda abin yake a bakin mace, sai ya nemi littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga hirar da ta yi da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Mai jego ba ta daka, ba ta girki, ba ta ɗebo ruwa. Tana samun hutu da abinci mai kyau, ga kuma babba a kusa tana koya mata shayarwa da goyo, tana lura da ita dare da rana.

Abin da Bincike Ya Gano

Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da asibitin koyarwarta, likitoci sun samu damar nazarin matan da ake kawo musu daga birni da ƙauyuka. Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranci binciken haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985. Mata 238 suka rasu a cikinsu, kuma fiye da 200 daga ciki waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba ne, sai da abu ya ɓaci aka garzayo da su. Binciken ya nuna haɗari ya fi yawa ga ƙananan 'yan mata da ƙugunsu bai gama buɗewa ba, da matan da suka haihu da yawa, da waɗanda ba su yi karatu ba.

Har ila yau, a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciya da kumburi da ke kama masu jego a Zariya. Sun danganta yawansa da kunun kanwa, da wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙasa. Dalili kuwa, kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki.

Akwai kuma yankan gishiri da akan yi idan naƙuda ta daɗe, wanda kan huda mafitsara. Shi da doguwar naƙuda su ne ke jawo yoyon fitsari. Haka nan yanke cibiya da abu marar tsabta yana sa wa jariri ciwon sandarewa, wato tetanus, zubar da dakashi kuma yana hana shi rigakafinsa na farko.

Adalci shi ne a faɗi cewa yawancin wannan asara ba daga hannun ungozoma take ba, tunda a lokacin da haɗarin ke aukuwa ba a ma kira ta ba. Babban maƙiyi shi ne jinkiri: mace ta ɓoye naƙuda, a jira maigida ya dawo ya ba da izini, sannan a shiga neman mota da kuɗi.

Sauyin Zamani

Bayan taron Alma-Ata na 1978, da taron Nairobi na 1987 kan lafiyar masu haihuwa, hukumomi sun shiga horar da ungozomomi kan wanke hannu da amfani da sabuwar reza. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta karkata ga cewa ƙwararriyar ma'aikaciyar lafiya ce ya kamata ta karɓi kowace haihuwa, domin horon 'yan kwanaki ba ya maganin jijjiga, ko zubar jini, ko jaririn da ya zo a gicciye. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin tura ungozomomin asibiti zuwa karkara. A shekarar nan kuma masana daga Jami'ar Ahmadu Bello suka gwada raba ƙwayar misoprostol mai tsayar da jini a wasu garuruwan kewayen Zariya, irin su Dakace da Tsibiri, kuma da ungozomomin gargajiya aka yi aikin.

Sunan da asibitin Ƙofar Gayan yake ɗauke da shi ya dace da wannan tarihi. Gambo Sawaba (1933 zuwa 2001), shugabar matan NEPU, ta yi fafutukar hana aurar da ƙananan yara da neman ilimin mata, kuma a asibitin an yi wa mata masu yawa aikin yoyon fitsari.

Kammalawa

Al'ada ba dutse ba ce. Ita kanta darbejiyar da muke ɗauka ta kaka da kakanni ce, baƙuwa ce daga Indiya, a zamanin Turawa aka kawo ta. Yadda reza ta maye gurbin ɓawon kara, haka za a iya rage kanwa, a surka ruwan wanka, a bar yankan gishiri, ba tare da an rasa hutun arba'in da kulawar dattawa ba. Ungozoma tana shiga inda likita ba ya shiga, kuma ana jin maganarta. Don haka aikinta a yau shi ne ta tura mai ciki awo, ta raka ta asibiti da zarar naƙuda ta fara, ta ci gaba da renon jego a gida. Magidanta su ba da izini tun kafin ranar, su tanadi kuɗin mota. Malaman makaranta kuma su koya wa 'yan mata cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, amin.