Abin da Ya Cinye Masu Awarar Unguwa a Japan

Wannan makon za mu leƙa Japan, inda awara, wadda suke kira tofu, ta daɗe da zama abincin yau da kullum. Daga ƙasar Sin ta shigo musu, kuma tun a 1183 aka ambace ta a rubuce a birnin Nara.

A 1960 wuraren yin awara a Japan sun haura 50,000, galibinsu ƙananan shagunan iyali ne a cikin unguwanni. Tun kafin asuba ake tashi a markaɗa jiƙaƙƙen waken suya, a tafasa, a tace, a zuba nigari, wani ruwa mai ɗaci da ke saura bayan an cire gishiri daga ruwan teku. Shi ke haɗa musu awara kamar yadda ruwan tsami ke haɗa tamu. Da yamma mai talla ya zaga gari a keke yana busa ƙaho. Zuwa 2020 wuraren nan ba su kai 6,000 ba.

Ba wai Japanawa sun daina cin awara ba ne, wurin sayenta ne ya canza. Manyan kantuna irin su Daiei, wanda aka buɗe a Osaka a 1957, suka janye matan gida daga shagunan unguwa. Masana'antu suka fara liƙe awara a roba, ta yi kwanaki a firji, alhali ta unguwa ba ta jure ajiya. Kantunan kuma suka riƙa karya farashinta don jan masu saye. Wake kuwa yawancinsa daga Amurka, Brazil da Kanada ake shigo da shi. Idan ya yi tsada, kamar a 2008, ƙaramin mai sana'a ba ya iya ƙara kuɗi, sai dai ya haɗiye asara. 'Ya'ya suka ga wahala ba riba, suka ƙi gadon. Da tsoho ya gaji, sai shago ya rufe.

A wurinmu har yanzu awara tana hannun matan gida da yara masu talla. Mu je mu tambayi mai awarar layinmu: nawa kwanon wake, nawa markaɗe, nawa mai da itace, me ke saura mata? Mu rubuta tun tana gaban kaskonta.